Mu shida ne muna son gina manhajar bincike: ta ina za mu fara, wa zai yi me?

"Assalamu alaikum Malam. Mu shida ne, duk masu rubuta manhaja, kowa da aikinsa na yau da kullum. Mun yanke shawarar haɗa kai mu gina manhajar bincike wadda ƙananan ƙungiyoyi za su ɗora a kan sabarsu, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, su riƙa neman abu cikin takardunsu, mu kuma saki kod ɗin a fili kowa ya gani ya gyara. Wata biyu ke nan muna taro amma ba mu rubuta ko layi ɗaya ba. Mutum biyu na son a rubuta injin daga tushe, sauran na cewa a ɗauki wanda ake da shi. Kuma kowa na son ɓangaren jera sakamako, ba mai son sauran. Ta ina za mu fara, kuma yaya za mu raba aikin ba tare da an ɓata ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, tambayoyi uku ne a dunƙule: me za ku gina da hannunku, me za ku ara, sannan wa zai riƙe me. Na ji daɗin cewa ba ku fara ba tukuna, domin gyaran tsari a kan takarda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan gyara shi bayan kowa ya kafa sansaninsa. Ra'ayina shi ne kuna ƙoƙarin raba abin da ba ku gani ba. Ba a raba gona kafin a kafa iyakoki. Ku fara haɗa ƙaramin abu guda ɗaya mai aiki daga farko har ƙarshe, ku rubuta abin da kowane ɓangare zai miƙa wa na gaba da shi, sannan rabon aiki zai fito da kansa.

Abin da ke cikin injin bincike

Mai amfani akwati ɗaya yake gani, ya rubuta kalma, sakamako ya fito. A bayan akwatin nan kuwa matakai ne jere. Da farko akwai tattaro takardun daga inda suke, ko manyan fayiloli ne a kan kwamfuta, ko rumbun bayanai, ko shafukan intanet. Sai a ciro zallar rubutun daga cikinsu. Sai a yanka rubutun kalma-kalma a daidaita shi: a mayar da manyan baƙaƙe ƙanana, a yanke shawara ko "littafi" da "littattafai" abu ɗaya ne a idon injin. Bayan haka a gina fihirisa. Irin fihirisar da ake amfani da ita juyayya ce: maimakon a ce takarda kaza ta ƙunshi kalmomi kaza, sai a ajiye kowace kalma da jerin lambobin takardun da ta fito a ciki, har da wurin da ta fito. Shi ya sa in mutum ya nemi kalmomi biyu, injin ba ya karanta takarda ko ɗaya, jeri biyu kawai yake ɗauka ya duba inda suka haɗu. Daga nan sai a auna wace takarda ta fi dacewa, a jera, a nuna.

Wannan matakin aunawa da kowannenku ke so, ku sani an riga an yi masa aiki mai yawa. Ma'aunin BM25, wanda Stephen Robertson da abokan aikinsa suka inganta a jami'ar City da ke Landan a shekarun 1990, abu uku yake dubawa. Kalmar da ba ta cika fitowa a tarin takardun ba ta fi nauyi a kan wadda ke ko'ina. Maimaita kalma a takarda yana ƙara mata maki, amma ƙarin yana raguwa, fitowa ta 20 ba ta kai ta 2 amfani ba. Doguwar takarda kuma ana rage mata, don kada tsawonta kawai ya sa ta yi nasara. Tun siga ta 6 da ta fito a 2016, wannan ma'auni ne Lucene, sanannen injin bincike mai kod a fili, ke amfani da shi kai tsaye. Wato abin da ku shida kuke gardama a kansa, a watannin farko layi kaɗan ne na saiti.

Daga tushe, ko a ɗora a kan na wasu?

'Yan'uwanku biyu masu son rubuta injin daga tushe ba su yi laifi ba, ni ma na taɓa wannan buri, kuma babu abin da ke koya wa mutum bincike kamar ya rubuta fihirisa da hannunsa. Juyayyar fihirisa mai sauƙi, ƙwararre zai gama ta cikin kwana biyu. Wahalar tana cikin abin da ke biyo baya. Yaya za a goge takarda ɗaya ba tare da an sake gina komai ba? Me zai faru in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa? Yaya za a matse jerin lambobin don kada su cika faifai? Yaya za a ci gaba da amsa tambayoyi alhali ana ƙara sababbin takardu? Lucene ta warware waɗannan ta hanyar rubuta fihirisa yanki-yanki, yankin da aka rufe ba a sake taɓa shi, takardar da aka goge alama kawai ake sa mata, sai lokacin haɗe yankuna a share ta da gaske. Doug Cutting ya fara Lucene a 1999, ta shiga hannun gidauniyar Apache a 2001, kuma har yau ana gyara ta. Shekara fiye da 20 na kurakuran da aka gano aka toshe ba abu ne da mutum shida za su maimaita da yamma bayan sun tashi aiki ba.

Ku dubi waɗanda suka yi suna a wannan fage. Yonik Seeley ya gina Solr a kamfanin CNET a 2004, a kan Lucene. Shay Banon ya fitar da Elasticsearch a 2010, shi ma a kan Lucene. Babu wanda ya raina su don ba su rubuta fihirisa daga tushe ba. Abin da suka ƙara shi ne abin da mutane ke buƙata a lokacin: a girka cikin sauƙi, a yi magana da shi ta hanyar intanet, a raba shi kan saba da yawa. Ku ma darajarku tana wajen da kuka ambata a tambayarka, wato ƙaramar ƙungiya ta ɗora manhajar ba tare da ta ɗauki injiniya na musamman ba.

Zaɓin ya danganta da yaren rubuta manhaja da kuka fi iyawa. In Java ne, Lucene. In Rust ne, akwai Tantivy, wadda aka gina bisa tsarin Lucene. In C++ ne, akwai Xapian. In kuma takardun ba su da yawa, kada ku raina binciken rubutu da ke cikin rumbunan bayanai, wato FTS5 na SQLite ko na PostgreSQL, dukansu sun isa a fara da su. Wajen ciro rubutu daga PDF da fayilolin ofis akwai Apache Tika, wajen karanta takardun da aka ɗauka hoto akwai Tesseract. Masu son rubuta injin kuwa, ku ba su wannan dama: ku sa bango tsakanin manhajarku da injin da kuka ara, ƙofa ɗaya tak mai ayyuka kaɗan, ƙara takarda, goge takarda, nema. Duk ranar da suka rubuta nasu injin ya doke na aro a gwaji, sai a sauya. Da haka ba a kashe musu guiwa ba, aikin kuma bai tsaya jiransu ba.

Mako biyu na farko

Ku daina taro a kan zane. Ku ɗauki takardu na gaske, ko 500 ne, irin waɗanda masu amfani da manhajarku za su ɗora, da datti da komai. Ku shida ku zauna a kan reshe ɗaya na kod ku haɗa mummunan abu mai aiki: ya karanta takardun, ya sa su a fihirisa, ya karɓi kalma, ya nuna sakamako goma a farin shafi. Babu ado, babu sauri. Gani ya kori ji. A nan ne za ku gane cewa rabin PDF ɗin nan shafinsu ginshiƙi biyu ne kuma rubutun ya fito a cakuɗe, layin hagu ya manne da na dama, wasu kuma hoto ne zalla babu harafi ko ɗaya a ciki. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai ƙara cewa tattaro takardu ƙaramin aiki ne ba.

Abu mafi muhimmanci da zai fito daga waɗannan makonni shi ne yarjejeniyar da ke tsakanin ɓangarori. Ku rubuta ta a fayil, cikin rumbun kod ɗin. Takarda idan ta bar hannun mai tattarowa, wane fasali take da shi? Lambar shaida wadda ba ta canzawa, take, jikin rubutu, harshe, kwanan wata da tsarin rubuta shi guda ɗaya, da wanda aka yarda ya gani. Tambaya idan ta bar shafi, yaya take isa injin, kuma amsa da me da me take dawowa? Melvin Conway ya lura tun 1968 cewa tsarin da ƙungiya ta gina yakan ɗauki kamannin yadda mutanenta ke magana da juna. Inda mutum biyu ba sa magana, a nan manhaja ke tsagewa. Ku shida kuna da hanyoyin magana 15 tsakaninku, mutum biyu-biyu. Rubutacciyar yarjejeniya ce ke rage yawan waɗanda dole sai an bi kullum.

Bari in ba ka misalin da ya same mu. A wani aiki da na yi da abokai, mai gina fihirisa ya sa matatar da ke cire lanƙwasar haruffa, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, saboda mutane da yawa ba sa rubuta su in suna nema. Tunani mai kyau ne. Amma mai kula da ɓangaren tambaya bai sani ba, nasa ɓangaren yana tura kalma yadda aka rubuta ta. Sai ya zama in ka rubuta "kasa" sakamako ya fito, in ka rubuta "ƙasa" daidai yadda ya kamata, shafi fari fat. Gwajin kowannensu yana wucewa lafiya, domin kowa nasa ɓangaren yake gwadawa. Dare uku muka yi muna zargin fihirisa ta lalace, sai da ɗayanmu ya buga kalmomin da ke ajiye a cikinta a allo muka ga babu ƙ ko ɗaya. Gyaran bai kai minti goma ba. Daga ranar muka kafa doka: kod ɗin da ke yanka rubutu guda ɗaya ne, wuri ɗaya yake zaune, mai fihirisa da mai tambaya duk shi suke kira, kuma mutum ɗaya ne ke da alhakinsa. Daga baya ma muka ajiye siffofin biyu a fihirisa, muka ba wadda ta yi daidai da rubutun mai nema ƙarin maki, domin "kafa" da "ƙafa" ba abu ɗaya ba ne.

Rabon aikin

Da a ce ni ne a cikinku, ga yadda zan ba da shawara. Mutum ɗaya ya riƙe shigo da takardu da ciro rubutu. Wannan ya zama mai haƙuri a cikinku, domin shi zai riƙa fama da fayilolin da suka lalace, kuma in aikinku ya haɗa da tattaro shafukan intanet, shi zai tabbatar manhajar tana mutunta robots.txt, fayil ɗin da masu shafi ke faɗin inda aka yarda a tattaro, kuma ba ta danne sabar mutane da buƙatu. Na biyu ya riƙe sarrafa harshe, abin da na ba da labari yanzu. Na uku ya riƙe fihirisa da ajiya, ya san abin da zai faru in faifai ya cika ko aka sabunta siga. A nan ku ɗauki darasi daga Lucene, wadda ke iya karanta fihirisar babbar sigar da ta gabata, don kada sabuntawa ta tilasta wa mutane sake gina komai a rana ɗaya. Na huɗu ya riƙe ƙofar tambaya da shafin da mai amfani ke gani, har da izini, wato kada sakamako ya nuna wa mutum ko taken takardar da ba a yarda ya gani ba. Wannan batun izini ku sa shi tun ranar farko. Liƙa shi daga baya yana nufin sake gina fihirisa da rabin kod ɗin tambaya.

Saura mutum biyu, kuma su ne dalilin da ya sa na tsawaita amsar nan.

Na biyar shi ne mai kula da ingancin sakamako, kuma aikinsa na farko ba taɓa ma'auni ba ne. Aikinsa ya tara tambayoyi na gaske, ko 50 ne, daga mutanen da za su yi amfani da manhajar, ya zauna da su a rubuta wace takarda ce amsar kowace tambaya. Sai ya rubuta ɗan shirin da zai tura tambayoyin duka ya ƙirga sau nawa amsar gaskiya ta fito cikin goman farko. Wannan hanya tsohuwa ce, daga gwaje-gwajen Cranfield da Cyril Cleverdon ya jagoranta a Ingila a shekarun 1960 ta samo asali, kuma a kanta aka kafa taron gwada injinan bincike na TREC da hukumar NIST ta Amurka ta fara a 1992. Amfaninta gare ku ya wuce na fasaha. In babu ita, gardamar jera sakamako takan koma ta wanda ya fi ɗaga murya: wannan ya gwada kalma ɗaya ya ce an samu ci gaba, wancan ya gwada wata ya ce an lalata. In tana nan, ƙofa a buɗe take ga ku shida. Duk mai dabara ya kawo, a gwada, in adadin ya hau a karɓa. Ka ga ke nan ɓangaren da kowa ke so ya zama na kowa, alƙalinsa ne kawai mutum ɗaya.

Na shida shi ne mai haɗawa da fitarwa. Shi ke kula da gwajin da ke tashi da kansa duk lokacin da aka turo gyara, shi ke tabbatar baƙo zai iya girka manhajar da umarni ɗaya ko biyu, shi ke rubuta bayanin girkawa, shi ke amsa wa sabon mai ba da gudummawa kafin ya gaji da jira ya tafi. Shi ne kuma ke sa ido kan kayan aron da kuka dogara da su. A Disambar 2021, da aka gano ramin tsaro a Log4j, wani kod na aro da manhajojin Java da yawa ke amfani da shi, masu Solr da Elasticsearch duk sai da suka yi gaggawar fitar da gyara, alhali ba su suka rubuta wancan kod ba. Wannan aiki ba a yabon mai yinsa, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ina ba da shawara ku riƙa karɓa-karɓa a kansa duk siga, don kowa ya ɗanɗana, don kuma kada mutum ɗaya ya ƙone.

Kowane ɓangare ya samu mai shi da mataimaki daga wani ɓangaren, kuma mataimakin ne ke duba gyaran mai shi kafin a haɗe. Babu wanda zai haɗe nasa kod da kansa, ko shi ya kawo shawarar aikin. Ku haɗa su da hikima: mai sarrafa harshe ya duba mai ƙofar tambaya, mai fihirisa ya duba mai shigo da takardu, wato maƙwabtan da ke miƙa wa juna kaya. A shafukan ajiye kod na GitHub da GitLab akwai fayil mai suna CODEOWNERS da ke nuna wa ke da alhakin wane ɓangare. Ku 'yan sa kai ne, wani zai yi rashin lafiya, wani aiki zai yi masa yawa ya ɓace wata uku, wannan ba cin amana ba ne, rayuwa ce. Abin da ya faru da manhajar matse fayiloli ta xz a Maris 2024 ya nuna mafi munin abin da kaɗaici ke jawowa: manhajar da kwamfutoci masu ɗimbin yawa suka dogara da ita ta daɗe a wuyan mutum ɗaya da ya gaji, wani ya shafe kusan shekara biyu yana taimakawa har aka yarda da shi, sannan ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse. Ido na biyu a kan kowane gyara ba rashin yarda da juna ba ne.

Lasisi da yanke hukunci

Ku zaɓi lasisi kafin baƙo na farko ya turo gyara, domin bayan haka canza shi na iya buƙatar yardar duk wanda ya taɓa sa hannu. MIT da Apache 2.0 suna barin kowa ya ɗauka ya yi abin da ya ga dama, har ya rufe ya sayar, sai dai Apache 2.0 ya ƙara bayani a kan haƙƙin ƙirƙira. GPL yana tilasta wa wanda ya rarraba gyararriyar siga ya saki kod ɗinta, AGPL kuma ya kai wannan sharaɗi har ga wanda ke gudanar da ita a saba don jama'a. Ku duba lasisin injin da kuka ara, Xapian alal misali GPL ce, kuma hakan zai shafi zaɓinku. Wannan ba ƙaramin batu ba ne a fagen bincike musamman. A Janairun 2021 kamfanin Elastic ya sauya lasisin Elasticsearch daga Apache 2.0, Amazon ta ɗauki siga ta ƙarshe mai tsohon lasisi ta ɓalle da ita da sunan OpenSearch, jama'ar aikin suka rabu biyu. A 2024 Elastic ya ƙara AGPL cikin zaɓinsa, OpenSearch kuma ta koma ƙarƙashin Linux Foundation. Ku tambayi junanku yanzu, tun kuna dariya: in wani kamfani ya ɗauki aikinmu ya samu kuɗi da shi, mun yarda? Amsar ita za ta zaɓa muku lasisi.

Game da hukunci, tsarin Apache ya dace da ƙaramar ƙungiya irin taku. Ƙaramin gyara, mai ɓangaren da mataimakinsa sun isa. Abin da ya taɓa yarjejeniyar da ke tsakanin ɓangarori, a rubuta shi inda kowa zai gani, a ba shi sa'a 72, in ba wanda ya ƙi an amince, wanda ya ƙi kuma dole ya kawo dalili na fasaha. Ku naɗa mutum ɗaya mai raba gardama in ta ƙi ƙarewa, na wa'adin da kuka yarda. Abin da aka yanke a waya ko a hira, a rubuta shi cikin layi biyar da dalilinsa, in ba haka ba bayan wata shida za ku sake wannan gardamar daga farko.

Duk abin da na faɗa ya tsaya ne a kan irin aikin da ka bayyana, takardun ƙungiya a kan saba ɗaya ko biyu, wanda shi ne aikin da hannuna ya saba da shi. Injin da zai tattaro intanet baki ɗaya wata duniya ce daban, ka tuna cewa ƙoƙarin da Doug Cutting da Mike Cafarella suka yi da Nutch, injin tattaro shafukan intanet, tun 2002 shi ya haifar da Hadoop, manhajar rarraba ajiya da lissafi a kan kwamfutoci da yawa, a 2006, saboda matsalar ajiya da rarraba lissafi ta fi ta binciken kanta girma. Haka kuma rabon mutum shida da na zana ba doka ba ne, in takardunku duk rubutu ne mai tsabta, mai shigo da takardu zai iya haɗawa da sarrafa harshe, in kuma hotuna ne da yawa sai ya buƙaci mutum biyu. Binciken ma'ana da ake yi da ƙirƙirarriyar basira, wanda na tabbata wani a cikinku zai kawo maganarsa a taro na gaba, ku ajiye shi sai tambayoyin nan 50 sun samu, domin su ne za su nuna muku ko ya ƙara wani abu a kan BM25 cikin takardunku, da kuma ko ƙaramar sabar waɗanda kuke yi wa aikin za ta iya ɗaukarsa.